Hoton da Ka Sauke daga Bango

Ɗana,

Kada ka karanta wannan a tsaye, zauna tukuna. Ina gaishe ku duka. Yaya ƙafar kakarku? Ni lafiya lau nake a ƙasar mutane, sai ɗan ciwon baya saboda ɗaga tsofaffin da nake jinya, amma ba wani abu ba ne.

Ƙanwarka ta faɗa mini komai. Wai ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna ɗan takararka na sanata zai lashe jihar, sai ka sauke hoton marigayi babanku daga bangon falo, ka rataya nasa. Da sakamako ya fito, na ƙaninka Auta ne ya ci. Ya yi maka dariya, kai kuma ka daina cin abinci da shi.

Wallahi na gaji. Da wanda ya ci da wanda ya faɗi, wa ya san ƙofar gidanmu?

Ka mayar da hoton babanku yau, ka ɗauki hoton bangon a waya ka turo in gani. Allah ya yi muku albarka.

Daga yau, siyasa a bakin ƙofa ake cire ta tare da takalmi, kuma kwano ɗaya za ku ci da ƙaninka, ko kuna magana ko ba kwa yi.