Turakun Malam

Tanout, Laraba da dare, daminar 1966

Sai yau da hantsi na gane abin da na tumɓuke da hannuna.

Tsofaffin ɗaliban maigidana Malam su uku, waɗanda ke kwaleji a Damagaram, sun zo hutu, suka shigo yi mini gaisuwar rashinsa. Bayan addu'a ɗayarsu, Rabi, ta dubi tsakar gida ta ce, "Inna, ina turakunmu?"

Ƙananan turakun nan take nufi, na kusa da doguwar sandar da Malam ya kafa don auna inuwa. Ni na cire su ranar sadakar uku don a shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Na ɗauka wasan yara ne.

Ashe tambaya ya yi musu bara: me ya sa inuwar rana tsaka take gajarta, har ta juya kudu? Ya ƙi faɗa musu dalili. Ya ce su je su yi tunani, shi zai riƙa kafa turke a bakin inuwar duk Alhamis har su dawo. Haka ya yi ta yi, har da ciwon a jikinsa, ina yi masa faɗan shiga rana.

Rabi ta ce, "Mun zo wa Mushe da amsa, Inna." Mushe suke kiran Malam da Faransanci. Ba ta zarge ni ba.

Ni ma haka ya koya mini rubutun nan. Kullum sai ya ce, "Ke me kika gani?"

Turakun suna cikin buhu, Allah ya sa ban hura wuta da su ba. Amma ramukan sun cike. Gobe Alhamis, kuma ban tambayi Rabi amsar ba tukuna.