Na Ci Tuwonku, Ban Share Bututunku Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Abinci 'Yan Arewa da ke Deira, Dubai.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukan 'yan ƙungiya. Ni ne Bitrus mutumin Kafanchan, wanda kuke kira Baba Bitrus, tsohon mai gyaran iyakwandishan a wani sito da ke Jebel Ali. Na rubuto a fili ne don kaina ya ɗaure, kuma duk ranar da na zo gabanka, kafin in kai ƙarshen magana an kawo shayi.

Bara, wajen cin naman Babbar Sallah, kai da bakinka ka koka cewa babu ɗan gida ko ɗaya mai share bututun hayakin kicin, alhali maiƙon da ke taruwa ciki shi ke kama wuta. Kowa ya ce haka ne. Na ɗauki maganar da gaske. Na ajiye aikina, na koyi sana'ar, na yanki lasisi, na sayi tsani da burushi da injin feshin ruwan zafi. Bizata yanzu a kan wannan sana'a take rataye. Saura wata biyu a sabunta ta, kuma har yau ban share bututu ko ɗaya ba.

Na farko. Gidan Hajiya mai tuwo na fara zuwa. Na taso daga unguwar Al Qusais da sassafe, don in gama kafin a kunna wuta. Ina shiga aka karɓe tsanin daga hannuna kamar tsaraba na kawo. Aka ba ni kujera, ga kunu, ga ƙosai. Hajiya ta ce Allah ya sawwaƙe mai furfura ya hau sama tana zaune tana kallo. Muna cikin gaisuwa aka ɗora tukwane, bututu ya ɗau zafi, na kwashi kayana na koma. Sau huɗu ana haka.

Na biyu. A wajen Malam Sani mai tsire na yi dabara, na sanar tun ana gobe. Ashe kuskure na yi. Da na iso na tarar sun goge bakin bututun yana ta ƙyalli, wai kada babba ya zo ya ga ƙazanta. Suka ce ai ka gani, babu aiki. Na zura yatsa ciki, na fito da maiƙo da kunkunniya baƙi ƙirin kamar kwalta. Malam Sani ya ruga ya kawo mini ruwa da sabulu yana ta ba ni haƙuri, sannan ya ƙunsa mini tsire.

Na uku, kuma nan ne na rikice gaba ɗaya. Makon jiya na ga motar wani kamfanin baƙi masu share bututu a ƙofar Hajiya, sun shige kicin har wuya, ba wanda ya ba su kujera. Na ce ko farashina ne, amma ba a taɓa tambayata farashi ba. Na ce ko aikina ne bai yi ba, amma wa ya ga aikin? Har na ce ko don ni Kirista ne, sai na ji kunyar kaina, domin Hajiyar nan ce ta aiko mini da shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Daga baya wani ya raɗa mini cewa kunya ce: baƙo in ya ga datti ya tafi da abinsa, ɗan gida kuwa labari sai Kano. Alhaji, wa na sani a Kano da zan kai wa labarin maiƙo? In kunya ce, me ya sa kuka nemi ɗan gida tun farko? Wallahi ban gane ba, kuma abin yana ci mini rai, don ban san da wa zan yi fushi ba. Kowa kirki yake yi mini.

Roƙona kaɗan ne. Ka gaya wa 'yan ƙungiya, in sun gan ni da rigar aiki su manta da furfurar. A bar mini tsanina a hannu. Gaisuwa ta jira sai na sauko. Abin da na gani cikin bututu, na yi alkawari a can zan bar shi. In kuma ba za ku iya ba, ka faɗa mini kalas, wato shi ke nan, a fili, in sayar da injin in nemi tikitin gida, ba sai an raka ni da addu'a da ƙunshin nama ba.

Ka hanzarta, ranka ya daɗe. Rigar aikin nan ko ɗigon maiƙo bai taɓa ta ba, ga shi saboda tuwonku maɓallanta sun fara ƙin haɗuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya albarkaci kasuwarku, ya tsare kicin ɗinku daga gobara.

Wassalam.

Naku,
Baba Bitrus, mai share bututun hayaki, in kun yarda.