Rijiyar Miri Tana Nan Yadda Suka Bar Ta

Dorothy maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ni kakarki Yelwa nake faɗa, daga Fatakwal.

Khadijatu, ina gaishe ki. Ya uwarki da ƙannenki? Ya Bauchi? Ni lafiya lau, ƙafar ce dai ba ta son ruwan garin nan. Matar baffanki Sabitu tana ba ni abinci kan lokaci, hira ce babu. Ba komai.

An ce makarantu biyu sun ɗauke ki ƙarin karatun lafiyar jama'a, kin rasa ta zaɓa. Ta Turai lissafin marasa lafiya, ta Zariya ruwan sha da masai. Baffanki sai kumbura yake, wai Turai. Abin faɗa a majalisa yake nema, ba wani abu ba.

Masu lissafin nan na san su. Shekarar da amai da gudawa ya shiga garinmu Miri, sun zo da farar mota, takalma fes. Suka ce mutum nawa ne suka rasu? Na ce kakanki da 'yata Asabe. Suka rubuta, na ba su ruwa suka ƙi sha, suka tafi. Rijiyar tana nan, masai a gefenta.

Ki je Zariya. In kuma Turai ce, Allah ya kiyaye hanya, amma kada ki dawo ki ƙirga ni. Allah ya yi miki albarka.

Ki gaya wa ƙanena Ɗanlarai ya dawo min da turmina, aro na ba shi. Ke kuma Miri tana bin ki rijiya.