Masaukin Yaya a Florence

Selly Oak, Birmingham

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da Anti Rabi da yara. Yaya kasuwa, yaya kuma gwiwar?

Taron jami'a ya kai ni Florence ta ƙasar Italiya makon jiya, sai na duba maka masauki da idona. Otal ɗin da abokin cinikinka ya ambata yana da kyau, amma hanyarsa daɓen duwatsu ce, kuma matakala ake hawa. Ban ga yadda za ka ja jakar samfurin fatu da wannan ƙafar ba.

Na kama maka ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa. Titin sumul yake, akwai lif mai kai mutum sama, unguwar shiru. Wani mai gidan abinci a layin, mutumin Maraɗi, ya ce, "Gaya wa Alhaji ya taho da yaji kawai, shinkafa tana wurina."

A sa mu a addu'a. Mai ɗakina Hauwa tana gaida kowa.

Ƙaninka,
Bashir

Gyara ɗaya: na ce shiru. Akwai ƙararrawar coci da safe, sai dai kafin ta kaɗa ka daɗe da tashi.