Rawar Hannu

Litinin, 3 ga Maris
Ɗalibata mai aikin kammala karatu, wadda 'yan ajinsu ke kira Fitila, ta gama haɗa na'urarta: ɗan sensa a madaurin agogo, mai auna rawar hannu. Ta ce sai ta gwada a hannun mai lafiya tukuna. "Malama, ara mini naki." Na miƙa. Layin da ya kamata ya kwanta a fuskar kwamfuta sai ya kama tsalle. Ta ce, "Kai, abin nan ya haukace!" Na ce ƙila waya ce ta saki. Astagfirullah.

Laraba, 5 ga Maris
Ba waya ba ce. Tun bara hannun daman nan yake min haka. In za a liƙa waya da dalma sai in miƙa wa ɗalibi ƙarfen, wai don ya koya. Ko Baban yara bai sani ba. Shayi ma rabin kofi nake zubawa.

Alhamis, 6 ga Maris
A hannun ƙawayenta layin yana kwanciya lafiya lau. Amma ta ce na'urar da ta yi ƙarya sau ɗaya ba abar yarda ba ce. Ni na koya musu haka. Ta warware allon na'urar duka, ta canza sensa.

Asabar, 8 ga Maris
Na buɗe Alƙur'ani, takardar tana kaɗawa. Na rufe, na yi da ka.

Litinin, 10 ga Maris
Shugaban sashe ya leƙo ɗakin gwaji yana raha: "Hajiya, ke kaɗai kika rage mana mai hannun aiki." Na yi murmushi. Wani malaminmu da idonsa ya raunana, ofis suka mayar da shi, yana jera takardu. Ni in ba ɗakin nan ba, ina?

Talata, 11 ga Maris
Gobe mai jarrabawa daga waje zai zo. Fitila ta rubuta a rahotonta cewa na'urar ba ta da tabbas. Da wannan jimlar kaɗai za a kayar da ita. Idonta ja wur, tana ta ba ni haƙuri, wai ta kunyata ni. Ita ke ba ni haƙuri!
Na tura ƙofa. Na ce, "Na'urarki lafiyarta ƙalau, 'yata. Goge jimlar nan daga rahoton." Ta dubi hannuna, ta daɗe. "Malama, tun yaushe?" Na ce ta je ta gyara rahoto. Ta rantse ba mai ji a bakinta.

Laraba, 12 ga Maris
Mai jarrabawa ya ce duk hannayen da aka gwada lafiyayyu ne, ta yaya zai san tana gano mai rawa? Fitila ta sunkuyar da kai. Shugaban sashe yana zaune kusa da ni.
Ban san lokacin da na naɗe hannun riga na miƙa hannuna ba.
Don yarinyar ne kawai.