Na Faɗi Sunanki a Gaban Yayanki

Zangon Kwatano, Talata, 10 ga Maris, 1981

Zuwa ga Lubabatu, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya wuni a tasha, mai murmushin da ke sa in wuce ƙofar gidanmu ban sani ba. Gaisuwa da ban haƙuri daga mai laifin da ya san laifinsa.

Kwana uku ke nan kin hana ni ganinki. Na zo, an ce kina daka. Na dawo, an ce kin tafi Placodji sayen kifi. Ke da ko ƙarnin kifi ba kya so! Haba Luba, irin wannan horo har ina? Tunda kin ji labarin daga bakin 'yan Zango, ki daure ki ji shi daga bakin mai shi.

Kin san gwamnatin juyin juya hali ta zaɓe mu, mu talatin, za a kai mu Kuba koyon gyaran injin jirgin ruwa, kuma kullum muna lakwal, a aji, ana ɗura mana Sifaniyanci. Ranar Asabar malamarmu 'yar Kuba ta rubuta kalma ɗaya a allo: llevar, su suna cewa "yebar". Wannan kalma ita ce jakin harshensu, ba kayan da ba a labta mata. Ɗaukar kaya, ita ce. Raka mutum ka kai shi wani wuri, ita ce. Sa riga ma ita ce, har da irin zaman da mutum biyu ke yi, na lafiya ko na faɗa. Ta koya mana yadda ake faɗinta a kan abin da bai zo ba tukuna: llevaré, zan ɗauka, llevarás, za ki ɗauka, llevaremos, za mu ɗauka. Sannan ta ce kowa ya miƙe ya faɗi nasa.

Kamarad na farko cikin 'yan ajinmu ya ce zai kai tutar ƙasa har Kuba. Na biyu ya ce zai ɗauki gaisuwar manoma da ma'aikata. Aka yi ta tafi raf-raf. Ni kuwa wallahi babu tuta a raina. Ina can bakin teku a Fidjrossè, ranar yawon Sallah da ƙawayenki, da igiyar ruwa ta sace miki takalmi ɗaya, kika tsaya a ƙafa guda kamar balbela, kina dariya kina cewa sai dai a ɗauke ki. Ina ni ina ɗaukarki! Na cire nawa na ba ki, na taka rairayi mai zafi har bakin titi, kuma ban taɓa jin daɗin ƙuna irin na ranar ba.

Ina cikin haka na ji an kira sunana. Na miƙe na ce: "Llevaré a Lubabatu a la casa de mi padre." Wato zan kai Lubabatu gidan mahaifina. Na ƙara da in Allah ya yarda da Hausa, don ban san yadda suke faɗinsa ba.

Na ɗauka yaren zai rufa min asiri. Ba haka muka taso a Zango ba? In za mu yi gulmar mai saye a kasuwa, mu juya Hausa. In za mu ɓoye wa tsofaffi zance, mu juya Faransanci. Kwata-kwata na manta yayanki Idrisu na zaune a bayana, kuma shi ne na ɗaya a ajin! Ɗaki ya kaure da shewa, malama ta ce babu kuskure ko ɗaya a maganata. Idrisu bai yi dariya ba. Kafin in isa gida labari ya isa wajen Babanku, cewa ɗan Alhaji Tanko mai motoci ya yi shelar 'yarsa a gaban mutum talatin, ba goro, ba manya, ba sallama.

Na ba ki kunya, ya farin watana, na sani. Sunan 'yar mutunci ba abin faɗi a aji ba ne. Amma ki tambayi zuciyarki, ƙarya na yi? Ina son ki, Luba, son da ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa ya suɓuce.

Ga inda muke yanzu. Babanku ya aiko wa mahaifina cewa ko dai goron neman aure ya iso ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ko kada a ƙara ganina a layinku. Baffana Kasum har ya zaɓi goro, ya kai babbar rigarsa wajen masu bugu, yana ta washe baki. Ni ne na riƙe masa ƙafa. Na ce ba inda goro zai je sai kin ce ya je, domin wannan goron jira yake nufi. Shekara uku zan yi a Kuba, Luba! Damina uku kina kallon ana kai ƙawayenki ɗakunansu, ke kuwa sai wasiƙa daga bayan teku. Ba zan yarda a ɗora miki wannan kawai don bakina ya yi min gaba ba.

In kin amince, to saurari ɗalibinki. Llevará tiempo: abin zai ɗauki lokaci. Llevarás: za ki sa lallen amarci har gwiwar hannu, Zango ta fito kallo. Nos llevaremos bien: za mu zauna lafiya, ni da ke, har ma da Idrisu in ya huce.

Ki aiko da amsa ta bakin gwaggonki Karimatu kafin Alhamis. In a'a ce, da kaina zan je in durƙusa gaban Babanku in ce laifina ne ni kaɗai, ba ki san komai ba, in hau jirgi ƙarshen wata ban ƙara damunki ba. Na faɗi sunanki sau ɗaya ba da izininki ba. Karo na biyu a gaban manya ne, kuma ba mai faɗinsa sai kin ce a faɗa.

Naki, a Zango ko a bayan teku, har ranar da za a ɗauke ni a kai ni makwancina,

Shaibu