Kwandunan Nikitas

Lahadi, 22 ga Oktoba

A rubuta a tarihin tsibirin Santorini: yau matata Margaro ta nemi ƙari. Shekara ashirin da shida tana kurɓar farar giyar inabina kamar mai shan magani, amma yau, ranar buɗe gangunan giya a harabar coci, sau biyu ta miƙa wa Nikitas kofinta. "Ka ji abin da ke wanke baki," in ji ta. "Har gishirin teku ana ji."

Nikitas fa! Maƙwabcina, wanda ya bar makaranta a aji huɗu, ni kuwa na koyar shekara talatin. Fada, limamin cocinmu, ma giyarsa ya zaɓa don bikin, karo na shida a jere.

Na ɗanɗana. Tsami mai kaifi, ba nauyi. Ba laifi.

Laraba, 17 ga Janairu

Littafi uku na karanta, biyu na Faransawa. Ko'ina a kan waya ake ɗora inabi. Mu kaɗai muke murɗe rassa mu saƙa su kwando a ƙasa, 'ya'yan na ciki, kamar masu ɓoye kayan sata. Na warware kwandunan da Baba ya bar mini, na kafa turaku, na ja waya. Bana tawa Fada zai zaɓa.

Nikitas ya leƙo ta katanga. "Malam, shanya za ka yi? In turo maka zannuwan gadonmu?"

Na ce masa ilimi ne.

"To madalla. Iskar ma ta karanta littafin?"

Asabar, 21 ga Afrilu

Nawa sun yi toho a jere, gwanin kyau. Na Nikitas na kwance cikin tokar aman wutar tsibirin nan kamar sheƙar kaji. Sau biyu na zaga da Margaro ta gani. Ta ce ƙafarta na ciwo.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Iska. Kwana uku.

Juma'a, 27 ga Afrilu

Yashi ya aske tohon kamar da aska. Na leƙa gonarsa, don bincike kawai. Cikin kwandunan ko ganye bai karye ba, har da raɓar safe a maƙale, a ƙasar da ba ta ganin ruwan sama sai an yi roƙo. Wannan duk na sani tun ina yaro. Ina na ajiye shi?

Juma'a, 17 ga Agusta

Girbi. Shi jaki tara, ni ɗaya, shi ma jakin tafe yake yana rangwaɗa don rashin kaya.

Litinin, 22 ga Oktoba

Ban kai ganga coci ba. Da la'asar sai ga Nikitas da kwalba. Na jira gori, bai yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya dai ce, "Saiwar na nan da rai, Malam. Babanka ne ya koya mini saƙar, lokacin kana birni wajen karatu."

Ashe hannun Baba nake sha shekara shida ina taɓe baki.

Talata, 15 ga Janairu

Na cire wayar. Margaro ta karɓe ta, shanya za ta yi da gaske. Tun safe ina durƙushe, Nikitas na tsaye a kaina: "Sassauta, Malam, reshe ne, ba kunnen ɗalibi ba!"

Kwandona na farko ya karkace. Shekara uku kafin su dawo, in ji shi.

Ni ne ban yi daidai ba. Ba zan maimaita ba, kuma Margaro ba ta san inda nake ɓoye littafin nan ba.